Kufan Asode: Tsohon Birnin Abzin da Shaidar Harshe

1. Gabatarwa

A cikin duwatsun arewacin Nijar, tsakanin Timiya da Iferwan, akwai kufan wani gari da ake kira Asode. Mutanen ƙasar suna ɗaukarsa a matsayin ɗaya daga cikin garuruwa mafi daɗewa a wannan yanki, kuma galibin littattafai suna kiransa tsohon babban birnin Abzin, wato wanda ya riga Agadas. Yau fiye da shekara 100 ke nan ba mai kwana a cikinsa. Masu binciken tarihin Hausa suna da dalilin kula da shi, domin labaran gargajiya na Gobirawa suna cewa daga Abzin kakanninsu suka gangaro, sa'an nan Hausa ita ce harshen da ake yi a birnin Agadas a yau. Sau da yawa akan haɗa waɗannan abubuwa biyu a mai da su hujja ɗaya, a ce Hausar da ake ji a arewa ragowar zaman Gobirawa ce. Manufar wannan bayani ita ce a nuna cewa dangantakar Hausa da Abzin hawa biyu ce, tsohuwa da ta baya-baya, kuma tarihin Asode yana taimakawa wajen rarrabe su.

2. Hanya da abin da ido ke gani

Sunan ƙasar kansa uku ne. Masu Tamajak suna cewa Ayar, malaman da suka yi rubutu da Larabci suka rubuta Ahir, Hausawa kuwa suna cewa Abzin ko Azbin, inda baƙaƙe biyu suke musayar wuri kamar yadda ake samu a bincike da binkice. Daga nan aka sami Ba'abzine da Abzinawa. Ƙasa ce ta baƙaƙen duwatsu da kwaruruka masu rairayi, waɗanda ruwa ke bi ƴan kwanaki kaɗan a cikin damina. Tsauni mafi tsawo a Nijar duka yana nan, a kan tudun Bagzan, mita 2,022.

Wanda ya tashi daga Agadas da nufin zuwa Asode yakan bi ta Elmeki, inda aka daɗe ana haƙar kuza, ya kwana a Timiya. A Timiya akwai garake na dabino da lemo da rumman da alkama, ana ba su ruwa daga rijiyoyi, raƙumi ko sa yana jan guga. Daga nan hanya ta miƙa arewa cikin dutse da kwari har ta kai kufan.

Gani ya kori ji. Abin da ya fara ba baƙo mamaki shi ne faɗin wurin. Bangayen gidaje ne na dutse da aka ɗora bisa juna aka liƙe da laka, waɗansu sun zube sun zama tsibi, waɗansu suna tsaye har ana gane ƙofa da ɗaki da tsakar gida. Ana iya bin lunguna daga unguwa zuwa unguwa. Rufi duk ya tafi, domin itace ne ke riƙe da shi. Ginin da ya fi kowane girma shi ne babban masallaci, wanda har yanzu ana gane tsarinsa da alƙiblarsa. A gefen gari akwai maƙabartu, a ƙasa kuma katangar fasassun tukwane da duwatsun niƙa. Yawan gidajen ya isa ya nuna cewa mutanen da suka zauna nan sun fi ƙarfin abin da ƙasar da ke kewaye za ta iya ciyarwa. Ke nan abincinsu daga wani wuri yake zuwa, kuma wannan ita ce tambayar farko da kufan yake ɗora wa mai bincike.

3. Me ake nufi da babban birni a Abzin?

Idan Bahaushe ya ji an ce birni, abin da ke zuwa masa shi ne ganuwa da ƙofofi da fada, da ƙauyuka masu kawo haraji, kamar Katsina ko Damagaram. Tsarin Abzin dabam yake. Ƙarfi yana hannun ƙungiyoyin makiyaya, kowace da tambarinta da shugabanta, kuma yawancin jama'a ba a gari suke zaune ba. Gari wurin ajiya ne da kasuwa da masallaci, da mazaunin malamai da maƙera da fatake.

Tarihin sarakunan Abzin, wanda Yves Urvoy ya fassara zuwa Faransanci ya buga a 1934, ya nuna cewa an kafa sarautar a 1405, lokacin da waɗansu ƙabilu suka naɗa Yunus domin ya riƙa raba musu gardama. Sarakunan farko sun zauna a Tadeliza, sa'an nan a Tin Shaman, kafin a zamanin Ilisawan, wajen tsakiyar ƙarni na 15, su tare a Agadas. Djibo Hamani ya yi cikakken nazarin wannan sarauta a littafin da ya buga a 1989. Agadas tana bakin duwatsu ta kudu, a mahaɗar hanyoyi, kuma muhimmancinta ya sa Askiya Muhammadu na Songai ya kai mata yaƙi sau biyu, a 1500 da 1515.

Matsayin Asode wani ne. Ita ce cibiyar cikin duwatsu. A ƙarni na 18 ƙungiyar Kel Ewe ta rinjayi Itesan da Kel Geres, waɗanda suka gangara kudu zuwa Adar da iyakar Gobir, inda jikokinsu suke har yanzu a wajen Madawa da Ƙonni. Shugaban Kel Ewe, mai laƙabin Anastafidat, a Asode yake zaune. Saboda haka a ƙarni na 18 da na 19 Abzin tana da kujeru biyu, ta Sarkin Abzin a Agadas da ta Anastafidat a Asode. Wanda ya fassara kalmar Faransanci ta babban birni kai tsaye ya ɗora wa Asode, ba tare da wannan bayani ba, zai sa mai karatu ya zaci wata irin mulki da ba a yi a can ba.

4. Hawa na farko: labarin Gobirawa

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Infaƙul Maisuri da ya rubuta a 1812, ya ambaci cewa mutanen Gobir ne suke riƙe da ƙasar Ahir kafin Abzinawa su zo su karɓe ta. Labaran fadar Gobir sun yi daidai da haka. Suna lissafa matakan gangarowa kudu: Birnin Lalle a ƙasar Dakoro ta yau, sa'an nan kwarin gulbin Rima, inda aka gina Alƙalawa wadda ta faɗi a 1808, daga bisani kuma Tsibiri kusa da Maraɗi.

Akwai abin da ke goyon bayan wannan labari daga waje. Yaƙubi, marubucin Larabci na ƙarni na 9, ya ambaci wata ƙasa mai suna Maranda, kuma masu bincike suna danganta ta da Marandet, kudu da Agadas, inda Henri Lhote ya tarar da dubban ƴan tukwanen narka tagulla. Ibn Battuta, wanda ya sauka a Takadda a 1353 kuma ya ratsa Abzin a kan hanyarsa ta komawa Maroko, ya ce ana kai tagullar Takadda zuwa Barno da wata ƙasa da ya rubuta Kubar, wadda ake fassarawa Gobir. Wannan yana nuna cewa a tsakiyar ƙarni na 14 sunan Gobir ya riga ya zama sananne ga fatake.

Sai dai a lura da iyakar wannan shaida. Maranda da Takadda duka suna cikin filayen kudu da yammacin duwatsu, nesa da Asode. Labarin ya tabbatar da cewa wata al'umma wadda daga baya ta zama Gobirawa ta zauna a yankin. Bai faɗi ko wane gari ta gina ba, bai kuma ba da damar a ce bangayen da ake gani a Asode aikinta ne ba. Masallaci da tsarin gidajen da ke tsaye na zamanin Musulunci ne, na garin da Abzinawa suka zauna a ciki. Abin da ke ƙarƙashinsu kuwa, haƙa ce kaɗai za ta bayyana shi.

5. Hawa na biyu: ayari

Amsar tambayar abinci tana cikin fatauci. Hanyar da ta taso daga Tarabulus ta bi ta Gat tana shigowa Abzin ta Iferwan, ta ratsa duwatsu, ta fita Damargu, ta wuce Damagaram ko Tasawa zuwa Katsina da Kano. Bayan wannan akwai ayarin gishiri, wanda ake kira taghlamt da Tamajak. Da kaka, wajen watan Oktoba, raƙuma sukan ƙetare Tenere zuwa Fashi da Bilma ɗauke da gero da tufafi, su komo da kantu da dabino. Bayan hutu kaɗan sai ayari ya gangara ƙasar Hausa, ya sayar da gishiri, raƙuma su yi rani suna kiwo a gonakin da aka girbe, a sayi hatsi da turkuɗi da fatu, a hau arewa kafin damina. A Hausa har sunan garin Bilma ya zama sunan gishirin, wato balma.

Ma'anar wannan ga harshe a fili take. Namijin Kel Ewe yana yin watanni da dama kowace shekara a cikin Hausawa, yana da mai masauki a Kano ko Damagaram, wani ma yana da gida da iyali da gona a Damargu. Bayin da aka kai duwatsu da yawa daga kudu suke. Heinrich Barth, wanda ya iso Abzin a 1850 tare da Richardson da Overweg, ya sauka a Tintellust wajen Annur, ɗaya daga cikin manyan Kel Ewe, kuma ya lura cewa Hausa ta zama musu harshe na biyu. Tare da ayarin gishirinsu ya gangara Damargu a farkon 1851. Game da Asode ya rubuta cewa daga gidaje kusan 1,000 waɗanda ke da mutane ba su wuce 80 ba. Ke nan garin ya riga ya yi nisa da raguwa tun shekara 50 kafin zuwan Faransawa.

Abin da Barth ya samu a Agadas, inda ya je a watan Oktoba na 1850, shi ne ya fi muhimmanci ga wannan bayani. Harshen gida na mutanen birnin a lokacin wani reshe ne na Songai, wanda ya kira Emgedeshi, ya kuma tattara kalmominsa. Hausa harshen kasuwa da hulɗa da baƙi ce. A ƙarni na 20 Emgedeshi ya mutu, Hausa ta maye gurbinsa, danginsa na kusa da ya rage shi ne Tasawak da ake yi a Ingal. Pierre-Francis Lacroix ya sake nazarin kalmomin da Barth ya tattara, ya tabbatar da wannan dangantaka. Saboda haka Hausar Agadas ta yau ba za ta zama hujjar zaman Gobirawa na dā ba, tun da akwai zamanin da birnin yake magana da wani harshe a tsakani. Hausar da ta mamaye Agadas ta biyo ayari ne daga kudu.

6. Shaidar kalmomi

Kalmomin aro suna tabbatar da cewa cuɗanyar ta daɗe kuma ta bi hanya biyu. Claude Gouffé ya yi nazarin musayar kalmomi tsakanin Hausa da Tamajak a 1974, Maarten Kossmann kuma ya buga littafi a kan kalmomin Barbarci a Hausa a 2005. Daga cikin waɗanda aka fi yarda da su akwai azurfa daga azref, da amale daga amali, da talaka daga taleqqe, da takarda daga takarde, wadda ita ma asalinta kalmar Latin ce da ta ƙetaro Sahara. Harafin ta- da ke farkon takarda da talaka alamar tamata ce a Barbarci, Hausa ta haɗiye shi ya zama wani ɓangare na kalmar.

Kalmar raƙumi tana da darasi na musamman. Babu shakka daga Barbarci take, amma siffarta ta fi kusa da alghem da ake faɗi a arewacin Afirka bisa ga alam ko aghlam na Tamajak. Wannan yana nuna cewa aron ya daɗe, kuma ba lalle ne ta bakin Abzinawan da aka sani a yau ya shigo ba. Kalmomin aro ke nan ba sa'o'in juna ba ne, kowace tana da zamaninta da hanyarta, kuma canjin sauti shi ne ma'aunin da ake auna su da shi.

Ta ɗaya ɓangaren, fadar Agadas tana amfani da sunayen sarautu irin na ƙasar Hausa, kamar Galadima da Magajiya da dogarai. Akwai kuma Sarkin Turawa, wanda Barth ya tarar yana kula da fataken arewa da harajinsu. Turawa a nan Larabawan Gadamas da Tarabulus ake nufi, wato ma'anar kalmar ta asali kafin ta koma kan mutanen Turai. Sunan sarauta ya adana abin da maganar yau da kullum ta manta. Amma waɗannan sunaye na zamanin sarautar Agadas ne, wato bayan 1405, don haka suna cikin hawa na biyu.

Inda za a nemi hawa na farko shi ne sunayen wurare: rijiyoyi, kwaruruka, tsaunuka, maƙabartu. Sunan wuri yakan daɗe fiye da harshen waɗanda suka raɗa shi. Idan aka sami suna a cikin duwatsu wanda ba ya fassaruwa da Tamajak, sai a gwada shi da Hausa da Songai da Barebari. A nan ne kuma kuskure ya fi sauƙi, domin kamannin sauti kaɗai ba hujja ba ne. Dole a san yadda mutanen wurin suke furta sunan, da yadda aka rubuta shi a takardun Larabci, kafin a yanke hukunci. Taswirorin zamanin mulkin mallaka sun ɓata sunaye da yawa, saboda rubutun Faransanci ba ya bambanta sautukan Tamajak, kuma sau da yawa ta bakin tafinta aka ji sunan.

7. Yadda garin ya mutu

Raguwar Asode ta fara tun ƙarni na 18, a zamanin yaƙe-yaƙe tsakanin ƙungiyoyin Abzinawa. Abin da ya ƙarasa ta ya zo a jere cikin shekara 20. A 1899 rundunar Foureau da Lamy ta ratsa Abzin tana ƙwace raƙuma. A 1906 Faransawa suka kafa bariki na dindindin a Agadas. A 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano daga bakin teku, kayan Turai suka daina biyowa ta Tarabulus da Gat, fataucin Sahara ya karye. A 1913 da 1914 aka yi fari da yunwar da Hausawa suke kira Kakalaba.

Sai yaƙin Kawusan. A watan Disamba na 1916 Kawusan, tare da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama da ƴan Sanusiyya, ya kewaye barikin Faransawa a Agadas, har watan Maris na 1917 da dakaru suka iso daga Damagaram. Ramuwar da ta biyo baya ta yi tsanani. An kashe malamai da dama a Agadas, an ƙwace dabbobi, an kwashe mutanen duwatsu an tara su a kudu inda za a iya sa musu ido. An kashe Kawusan a Fezan a 1919, Tagama ya mutu a kurkuku a 1920. Lokacin da Francis Rodd ya zagaya Abzin a 1922 ya tarar da Asode ba kowa. Daga baya mutane sun koma Timiya da Iferwan da Tabelot, domin can akwai ruwan garake. Asode kuwa hanya ce take ciyar da ita, hanyar kuma ta mutu. Anastafidat ya koma Agadas, inda gidan sarautarsa yake.

Kwatanci da Damagaram yana da amfani. Ita ma ta rasa matsayinta na babban birnin Nijar a 1926 da aka mai da shi Yamai, amma ba ta zama kufai ba, saboda tana zaune a tsakiyar ƙasar noma. Garin da ke cin hatsin da aka noma a nisan tafiyar makonni ba shi da irin wannan madogara.

8. Abin da ya rage a yi

Tsohon birnin Agadas ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013, gandun Abzin da Tenere kuma tun 1991. Masu yawon buɗe ido da suke zuwa Asode a shekarun 1980 sun ragu ƙwarai bayan tawayen 1990 zuwa 1995 da na 2007 zuwa 2009. Bangayen dutse za su iya jira. Waɗanda suka ji labarin garin daga bakin waɗanda aka haifa a cikinsa kuwa tsofaffi ne ƙwarai, kuma ba su da yawa.

Aiki uku ne ke gaban masu bincike. Na farko, a ɗauki muryar zuriyar mutanen Asode a Timiya da Iferwan da Agadas da Damargu, a rubuta ta da harshen da aka faɗe ta kafin a fassara. Na biyu, a tattara sunayen wurare na tsakiyar Abzin da ƙa'idar rubutun Tamajak, wadda aka aza harsashinta a taron Bamako na 1966 aka kuma tabbatar a Nijar a 1999, kowane suna da furucinsa da bayanin da mutanen wurin suke ba shi. Na uku, a yi cikakken nazarin Hausar Agadas, a ware abin da ta gada daga Emgedeshi da abin da ta aro daga Tamajak da abin da ya nuna daga wace shiyyar ƙasar Hausa ta zo.

Ga masu tsara yaƙi da jahilci kuma akwai abin lura. A 2025 an ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, kuma gaskiya ne ana jin ta daga Maraɗi har Arlit. Amma tarihin ayari ya nuna yadda ta shiga duwatsu: maza matafiya ne suka koyo ta a kasuwannin kudu. A ƙauyuka da zangunan Abzin harshen gida shi ne Tayart, karin Tamajak na yankin, kuma akwai rubutun Tifinag da mata da yawa suka iya tun kafin a buɗe makaranta. Mai tsara aji a birnin Agadas zai fara da Hausa. Mai tsara aji a Timiya, musamman na mata da yara, zai fara da Tamajak, Hausa ta biyo baya a matsayin harshen hulɗa, kamar yadda ta kasance ga mutanen Asode a zamanin da garinsu yake raye. Littafin karatu na farko da za a iya yi musu da harsunan biyu shi ne tarihin garin kansa, daga bakin tsofaffinsu.